Zoom a kan kwamfuta ga mai karantarwa daga Makka ko Madina

Malaman da ke zaune a Makka, Madina da Jidda suna karɓar hadda ko suna karantar da fiƙihu ga ɗalibai a Kano, Zariya, Maraɗi da Kumasi, yawancinsu da waya suka fara. Waya tana yi idan ɗalibi ɗaya ne ko biyu. Da zarar aji ya kai mutum goma, ana so a nuna shafin littafi, ana kuma so a naɗi darasin saboda wanda bai samu halarta ba, sai ta gaza. A nan ake komawa kwamfuta, kuma tun da kamfanin Microsoft ya rufe Skype a watan Mayun 2025, zaɓin ya tsaya tsakanin Zoom, Google Meet da Teams. Hukuncina shi ne Zoom ya fi sauran biyun dacewa da karatu, musamman karatun Alƙur'ani, amma sai an saita shi da hannu. Yadda yake zuwa daga kamfani, don taron ofis aka tsara shi.

Zoom yana aiki a Saudiyya kai tsaye, ba a bukatar VPN. Wanda ya saba barin VPN a kunne saboda wasu manhajojin kira, ya kashe shi kafin ya shiga aji, domin yana zagayawa da murya ta wata ƙasa kafin ta isa, jinkiri ya ƙaru.

A sauke shi daga zoom.us/download kawai. Sunansa yanzu Zoom Workplace, tun 2024, kada wannan ya rikita kowa, shi ne dai Zoom ɗin da aka sani. Shafukan da ke tara manhajoji suna ba da tsohon zubi, wasu ma da ƙari a ciki wanda ba ka nema ba. Kafin ka sauke, shiga Settings, System, About, ka duba layin System type. Idan ka ga x64, ɗauki na 64-bit, wanda shi ne na yawancin kwamfutoci. Idan ka ga ARM, akwai nasa daban a shafin. Danna fayil ɗin sau biyu, minti ɗaya ko biyu ya gama. Wani abin yabo shi ne yana zama a cikin foldar mai amfani, ba ya neman izinin shugaban kwamfuta (administrator), don haka ɗalibin jami'a da ke aiki da kwamfutar da ba tasa ba sau da yawa zai iya saka shi.

Idan saka shi ya ƙi, lambar kuskuren tana faɗin dalili. 10006 na nufin faifan ajiya ya cika ko manhajar kariya daga bairos ta kama wani ɓangare na fayil ɗin ta killace shi. 3000 na fitowa idan tsohon Zoom yana gudana a ɓoye, sabon ya kasa taka shi: buɗe Task Manager da Ctrl+Shift+Esc, ka tsayar da duk abin da ke ɗauke da sunan Zoom, ka sake. Idan abin ya ci tura, kamfanin yana da ɗan kayan aiki mai suna CleanZoom a shafinsa na taimako, wanda ke share duk ɓurɓushin tsohon. Bayan shi a kashe kwamfuta a kunna, a saka sabo. Akwai kuma ƙananan laftof masu araha da ke zuwa da Windows a yanayin S mode, wanda ba ya yarda a saka komai daga wajen Microsoft Store. Fita daga yanayin kyauta ne, amma ba a komawa, a san da haka.

Kwamfutar da aka saya ta hannu a Haraj, kasuwar gwanjo ta Saudiyya, tana da nata ciwon. A kan babban allon da ke cikinta (motherboard) akwai ɗan batir zagayayye, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an cire wuta. Idan ya mutu, kwamfutar za ta tashi da kwanan watan shekarun baya, sai Zoom ya ƙi haɗuwa ko ya yi ƙorafin takardar shaidar tsaro, mutum ya yi ta zargin intanet alhali intanet lafiyarsa lau. Duba agogon da ke ƙasa ta dama. A Time & language, Date & time, zaɓi yankin Kuwait, Riyadh, ka danna Sync now. Idan gobe ma agogon ya koma baya, sayi batirin, kuɗinsa riyal kaɗan ne, ka buɗe murfin gefe ka canza. Haka nan a tambayi mai sayarwa wane Windows ne a kai, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin injuna da yawa ba sa ɗaukar 11.

Kafin ka tara ɗalibai, shiga zoom.us/test. Ɗakin gwaji ne, kai kaɗai, zai kaɗa maka sauti ya tambaye ka ko ka ji, sannan ya naɗi muryarka ya maido maka. Minti biyu ne. Malamin da ya yi wannan ya huta da "Malam ba ma jin ka" na farkon darasi.

Matsalar murya da ta fi kowace yawa ba lalacewa ba ce. Idan an shiga taro wani akwati yana fitowa yana cewa Join with Computer Audio, mutane su rufe shi da sauri, daga nan ba su ji ba a jin su. Alamarta ita ce a kusurwar ƙasa ta hagu za ka ga hoton abin sawa a kunne maimakon hoton makirufo. Danna shi ka shiga. Don kada ya sake faruwa, a Settings, Audio, sa alama a kan layin da ke cewa ya haɗa sautin kwamfuta da kansa duk lokacin shiga.

Ta biyu daga Windows take. A Privacy & security, Microphone, akwai makunnai fiye da ɗaya, kuma wanda ya shafi Zoom shi ne na can ƙasa, Let desktop apps access your microphone. Mutane suna kunna na sama su tsaya. Haka yake ga Camera. Wanda Windows ɗinsa na Larabci ne, kamar yadda yake a kwamfutoci da yawa da ake saya a nan Saudiyya, ya nemi الإعدادات sannan الخصوصية والأمان, sauran duk wuri ɗaya ne, sai dai jerin ya koma hannun dama.

Ta uku ta masu kwamfutar tebur ce. Abin kunne na waya yana da kai ɗaya mai zobe uku, wanda ya haɗa ji da magana. Kwamfutar tebur kuwa rami biyu gare ta, kore na ji, ruwan hoda na makirufo. Ka soka abin kunnen waya a kore, za ka ji kowa, ba mai jin ka. Maganinsa ɗan igiya mai raba kai ɗaya zuwa biyu, ana samu a shagunan kayan waya. Amma shawarata a bar wannan duka a sayi abin kunne mai USB da makirufo a gefen baki. Na Bluetooth kuma ban yarda da shi ga mai karatu ba: da zarar makirufonsa ya buɗe, yana sauka zuwa yanayin kiran waya, murya ta ƙuntace, haruffa masu kama da juna kamar س da ص su yi wuyar rabewa a kunne.

Yanzu ga abin da ya sa na fifita Zoom, kuma shi ne abin da malamai da yawa ba su taɓa buɗewa ba. Manhajar tana da matatar hayaniya da ke sauraron abin da ke shiga makirufo tana yanke duk abin da ta ɗauka ba magana ba ne. An gina ta ne a kan zancen yau da kullum, mai gajerun gaɓoɓi da tsayawa. Sautin da ya daɗe a kan amo ɗaya tana iya lissafa shi da ƙarar injin. To maddi mai haraka shida fa? Ɗalibi ya ja الضالين yadda ya kamata, matatar ta dusashe ƙarshen jan, malam ya ji kamar an gajarta, ya ce a sake. Gunna ma haka, tana shiga tana fita. Yaro ya karanta daidai a yi masa gyara a kan kuskuren da bai yi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wajen mai koyon tajwidi.

Gyaran yana Settings, Audio. A ƙarƙashin Audio profile zaɓi Original sound for musicians. Sunan na mawaƙa ne, aikinsa dai shi ne barin murya ta wuce yadda take. Zaɓin kaɗai bai isa ba: a cikin taron wani ɗan rubutu zai bayyana a saman allo yana nuna Off, sai ka danna ya koma On. Kuma wanda ake sauraro shi ne ke bukatar kunnawa, wato ɗalibi idan yana kawo hadda, malam idan yana biya. A waya ma akwai zaɓin a cikin saitin manhajar, don haka sai a ɗauki minti biyar na darasin farko a bi da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya. A cire alamar Automatically adjust microphone volume ma, a tsayar da ƙarfin a kusan kashi uku cikin huɗu, domin yana ɗaga murya yana saukewa a tsakiyar aya.

Wannan yana da farashi. Da ka cire matatar, ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, za ta shigo aji, kuma a Makka ba mai kashe mukayyif a watan Yuli don darasi. Irin na taga, mai kwamfuresa a jikinsa, shi ya fi damu. Abin yi shi ne a zauna nesa da shi, kada iskarsa ta bugi makirufo, a kawo makirufon kusa da gefen baki kamar faɗin yatsu biyu. Idan ɗakin bai ba da dama ba, akwai tsaka-tsaki: a bar matatar a kunne amma a sauke ta daga Auto zuwa Low. Akwai wani akwati a wurin, High-fidelity music mode. Malamin da ke da intanet na faiba a gida yana iya kunnawa. Ɗalibin da ke kan data a Gusau kada ya taɓa shi, zai ƙara masa nauyi ne kawai.

Amsa-kuwwa kusan kullum daga na'urori biyu ne a ɗaki ɗaya, misali malam ya shiga da kwamfuta ya kuma shiga da waya don ya ga yadda ɗalibai ke ganinsa, ko wa da ƙani suna zaune tabarma ɗaya kowa da wayarsa. Rufe makirufon ɗayar bai wadatar ba, domin lasifikarta tana nan tana magana. Sai an zaɓi Leave Computer Audio, ko Disconnect Audio a waya. Kuma wanda ke jin muryarsa tana dawowa ba shi ne mai laifin ba, daga wajen wani take dawowa. Mai masauki, wato wanda ya buɗe taron, ya rufe makirufon kowa, ya riƙa buɗewa ɗaya-ɗaya har ya gano.

Kyamara ba ta da yawan rigima. Idan allo baƙi ne, fara da duba ɗan murfin da ke saman laftof, sannan ka tabbata Teams ko burauza ba su riƙe ta ba, domin manhaja biyu ba kasafai suke raba kyamara ɗaya ba. Laftof ɗin Lenovo suna da yanayin sirri a cikin Lenovo Vantage da ke rufe ta gaba ɗaya. Abu ɗaya ya keɓanta da nan: wutar Saudiyya tana gudu a kan 60Hz, ta Najeriya da Nijar 50Hz. Kyamarar da aka saita a kan 50 idan ta haɗu da fitilar ɗaki a Jidda, za ka ga layuka suna gangarowa a hoto ko haske yana ƙyaftawa. A manhajar kamfanin kyamarar, kamar Logi Tune ga masu Logitech, akwai wurin Anti-flicker, a mai da shi 60. Bangon bogi na bayan mutum kuwa a bar shi idan kwamfutar tsohuwa ce. Yana cin ƙarfin injin, fanka ta tashi, murya ta fara tsinkewa. Farin bango ya ishe ka, taga kuma ta kasance a gabanka.

Ga intanet, lissafin kamfanin shi ne taron jama'a da bidiyo mai kyau yana son kimanin 1Mbps na aikawa da 600kbps na karɓa, murya zalla kuwa 60 zuwa 80kbps. Ga mai layin stc, Mobily ko Zain a birni wannan ba komai ba ne. Inda ake samun cikas a nan shi ne cikin gida: rauta tana falo, malam yana ƙuryar ɗaki, tsakaninsu bangon kankare biyu, ga maƙwabta a bene ɗaya kowa da Wi-Fi ɗinsa a kan 2.4GHz. Igiyar intanet irin Cat6 daga rauta zuwa kwamfuta ta fi duk wata dabara. Idan ba hali, a matso kusa a hau 5GHz. Wanda ke son ya ga gaskiyar layinsa ya buɗe Settings, Statistics yayin da taro ke gudana. Jinkiri ya kasance ƙasa da 150ms, jitter, wato hawa da saukar jinkirin, ƙasa da 40ms, asarar ƙunshin bayanai kada ta wuce kashi 2 cikin ɗari. Lambar kuskure 5003 da jerin da ya fara daga 104101 duk na rashin isa ga sabar Zoom ne. A gida, a duba VPN da manhajar kariya. A intanet ɗin masauki ko na ma'aikata, wataƙila an toshe ƙofofin da yake bi ne, UDP 8801 zuwa 8810 da 3478 da 3479. Hanya mai sauri ta ganewa ita ce a haɗa kwamfutar da hotspot na waya. Idan ya shiga, matsalar ta layin ginin ce, sai a yi wa mai kula da shi magana.

Amma malam ya riƙa tuna ɗaya ɓangaren. 1Mbps na awa guda ya kai wajen megabait 450, murya zalla kuwa ba ta kai 40 ba. Ɗalibin da ke sayen data da kuɗin aljihunsa, idan aka tilasta masa buɗe bidiyo awa guda kullum, ba zai kai ƙarshen wata ba, kuma ba zai faɗa ba, sai dai a ga ya daina zuwa. Kashe HD a Settings, Video. Bar ɗalibai su rufe kyamara sai wanda layi ya zo kansa. Idan za ka nuna littafi, raba tagar PDF ɗin kaɗai maimakon allo duka, shafi tsayayye ba ya cin komai. Idan kuma karatun wani ƙari'i za ka kunna musu, sa alama a Share sound kafin ka danna Share, in ba haka ba kai kaɗai za ka ji.

Babban aibin Zoom na kyauta shi ne minti 40. Tun 2022 har taron mutum biyu ya shiga wannan iyaka. Meet da Teams suna ba da minti 60 ga taron jama'a, kuma Meet ba ya bukatar a saka komai, a burauza yake. Duka ukun suna ɗaukar mutum 100. Ga taron dangi, ko zaman shawarar biki tsakanin Jidda da gida, Meet ya fi sauƙi, shi nake ba da shawara. Ga darasi, ana iya tsara taro mai maimaituwa da linki ɗaya, idan ya yanke kowa ya sake dannawa, sai dai wani lokaci akan ɗan jira kafin ya yarda a sake buɗewa, kuma duk yankewa akwai ɗalibi ɗaya ko biyu da ba sa dawowa. Mai aji na dindindin gara ya biya Pro, wanda ke kai taro har awa 30. Kuɗinsa ya haura riyal 50 a wata, a kuma sa ran harajin kashi 15, kuma ana iya biya da kati mai alamar Visa ko Mastercard. Mai masauki kaɗai ke biya, ɗalibai ba ruwansu.

Abin da ke rama wannan aibi shi ne naɗi. Zoom yana barin ko mai asusun kyauta ya naɗi darasi a kan kwamfutarsa, abin da Meet na kyauta ba ya yi, kuma wayar ma ba ta yi. Fayil ɗin yana sauka a Documents, cikin foldar Zoom. Bayan an rufe taro wani akwati zai fito yana juya naɗin zuwa MP4. Kada a rufe laftof a lokacin, ko da an kira salla, a bar shi a buɗe a tafi. Idan an katse shi, za a tarar da fayil mai suna double_click_to_convert, a danna shi sau biyu ya ƙarasa, kada a canza masa suna. A cikin foldar akwai fayil ɗin murya zalla, M4A, ƙarami, shi ya dace a tura wa ɗalibai ta WhatsApp. A sanar da mutane kafin a fara naɗi, musamman ajin mata.

Wajen tsara lokaci a lura da akwatin yanki. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, Sudan da awa ɗaya, Gana da awa uku. Darasin ƙarfe 9 na dare a Madina ƙarfe 7 ne a Kano, wanda a wasu watanni yake faɗawa daidai magariba. A riƙa rubuta lokutan biyu a sanarwa. A kuma shiga asusu a manhajar kafin a danna linki, domin malamin da ya shiga ta linki ba tare da asusunsa ba, baƙo ne a ajinsa, ba zai iya rufe makirufon kowa ba. Ɗakin jira a bar shi a kunne, tun da linki yana yawo daga guruf zuwa guruf. Alt+A yana rufe makirufo ya buɗe, Alt+V kyamara, Alt+S raba allo, kuma wanda ke rufe yana iya danne dogon madannin tazara ya yi magana ya saki.

Masu Mac su ɗauki zubin Apple silicon idan injinsu M1 ne ko sama, su ba da izinin kyamara, makirufo da naɗar allo a Privacy & Security, sannan su rufe Zoom su sake buɗewa kafin izinin allo ya kama. A Ubuntu ana sauke fayil ɗin deb a rubuta sudo apt install ./zoom_amd64.deb, kuma idan raba allo ya fito baƙi a kan Wayland, a gwada shiga da Xorg daga allon shiga idan zubin yana da shi.

Zoom yana ɗaga mafi ƙarancin zubin da yake karɓa duk bayan wata uku, wanda ya tsufa da yawa sai a tare shi a ƙofa a ce ya sabunta, sau da yawa daidai lokacin da ɗalibai ke jira. Danna hotonka a sama ta dama, Check for updates, ranar Juma'a ko Asabar da ba aji, ka kuma tuna wa ɗalibai su yi nasu lokacin da suke da data. Bayan kowane babban sabuntawa a leƙa Settings, Audio a tabbata Original sound yana nan yadda aka bar shi, kuma makirufon da aka zaɓa shi ne na USB ɗin, ba na jikin laftof ba.